Babi na Shida: Monte Carlo, Doguwar Mota Mai Ƙofa Biyu

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin motocin Amurka a fim, irin dogayen nan masu faɗin bonet, yakan yi tambaya guda: mota mai wannan girma, don me aka yi mata ƙofa biyu kacal? Ƙarfe ne ya ƙare wa kamfanin, ko kuwa rowa ce? Tambayar tana kan hanya. A wajenmu mota ɗaya ce ke ɗaukar maigida da uwargida da yara, har da maƙwabcin da aka tarar yana jiran abin hawa a bakin titi, saboda haka mai ƙofa biyu takan daɗe a hannun dila kafin ta sami mai so.

A Amurka kuwa an yi zamanin da irin wannan mota ce abin marmari. A shekarar 1977 kaɗai kamfanin Chevrolet ya ƙera fiye da 400,000 na wata mota mai suna Monte Carlo, kuma babu ko ɗaya a cikinsu mai ƙofa huɗu. Shekara talatin bayan haka aka daina ƙera ta gaba ɗaya, ba tare da an yi wani kukan rashinta ba. Idan muka bi tarihin wannan mota daga haihuwarta zuwa ƙarshenta, za mu ga abin da mutane ke saya a lokacin da suka zaɓi ƙofa biyu.

Matsakaiciya a ma'aunin wa?

Amurkawa sun kasa motocinsu gida uku: manya, matsakaita da ƙanana. Monte Carlo tana cikin matsakaita. Sai dai kada kalmar ta ruɗi mai karatu. Ta farko da ta fito tsawonta ya kai mita 5.2, alhali Peugeot 504 da iyayenmu suka sani ba ta wuce mita 4.5 ba. An kira ta matsakaiciya ne kawai domin akwai irin su Impala da Cadillac da suka fi ta tsawo da nauyi. Ƙasa ce mai faɗi, titunanta miƙaƙƙu, fetur kuma a wancan lokaci yana da arha ƙwarai, don haka babu abin da ya tilasta wa masu ƙira su tsuke hannu.

Kamfanin General Motors, uwar Chevrolet, ya daɗe da tsara motocinsa hawa-hawa tun zamanin shugabansa Alfred Sloan. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Chevrolet, in ya samu ya hau Pontiac, daga nan Oldsmobile, sai Buick, in Allah ya buɗa masa sosai ya ƙare a Cadillac. Motar da ke ƙofar gidan mutum ita ke faɗa wa unguwa matakin da ya taka. Chevrolet ta talaka ce da ma'aikaci, kuma ba a tsammanin ta yi ado.

A gefe guda kuma akwai wani nau'in mota da attajirai suka fara so tun 1958, lokacin da Ford ya mayar da Thunderbird mai kujeru huɗu. Mota ce mai ƙofa biyu, mai laushin tafiya, cikinta a ƙawace, an yi ta don jin daɗin mai tuƙi da wanda ke gefensa. Buick ya biyo da Riviera a 1963, Cadillac ya fito da sabuwar Eldorado a 1967. Dukkansu masu tsada ne. Ma'aikacin masana'anta sai dai ya kalle su in sun wuce.

Yadi ɗaya, ɗinki daban

Wanda ya fara gano yadda za a sauko da wannan ado ƙasa shi ne John DeLorean, shugaban sashen Pontiac. Don samfurin 1969 ya ɗauki shasin matsakaiciyar motar kamfanin, ya ƙara masa tsawo, ya ɗora masa bodi mai dogon bonet da gajeren but, ya sa mata tsohon sunan Grand Prix. Ciniki ya buɗe nan take. Chevrolet, wanda Pete Estes ke jagoranta a lokacin da ake shirya aikin, ya sami izinin yin tasa. Kafin motar ta fito a watan Satumba na 1969, an riga an mayar da DeLorean kansa shugaban Chevrolet. Suka raɗa mata sunan Monte Carlo, unguwar attajirai da gidan caca da ke ƙasar Monako a gaɓar tekun Bahar Rum, wurin da yawancin masu sayenta ba su taɓa takawa ba.

A nan ne dabarar take, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Kusan duk abin da ido ba ya gani a jikin Monte Carlo na wata mota ce mai suna Chevelle, motar iyali da Chevrolet ke ƙerawa da yawan gaske. Inji nata ne, giya tata ce, birki da sitiyari da shokazoba duk dangi ɗaya ne. Ko shasin ma na Chevelle mai ƙofa huɗu ne, wanda tazarar tayoyin gabansa da na bayansa ta kai inci 116. Abin da masu zane suka yi shi ne suka tura ɗakin fasinja baya, suka ba wa gaba duk sararin da ya rage. Sakamakon haka bonet ɗin ya kai ƙafa shida, mafi tsawo da Chevrolet ya taɓa sa wa mota. In ka buɗe shi za ka tarar da fili fayau tsakanin lagireto da inji, wurin da babu komai sai murfin fanka mai tsawo.

Telan da ya ƙware ya san wannan sirri. Shadda ɗaya ce za a yanka wa mutum biyu, ɗaya a yi masa kaftani na zuwa kasuwa, ɗaya a yi masa babbar riga da aiki a wuya da aljihu, kuma in sun shiga taro ba wuri ɗaya za a zaunar da su ba. Kuɗin yadin bai canja ba, ɗinkin ne ya ɗaga darajar. Chevelle ce kaftanin, Monte Carlo babbar rigar. An shimfiɗa mata kafet mai kauri, an rage ƙarar da ke shiga ciki, an lulluɓe dashbod da wani abu mai kama da katakon alfarma, wanda a gaskiya hoton katako ne aka buga a kan roba.

Farashinta ya fara daga dala 3,123, a lokacin da Thunderbird ke neman dala 5,000. Injin da take zuwa da shi mai silinda takwas ne, lita 5.7, mai ƙarfin doki 250. Mai son gudu yana iya biyan ƙari a sa masa na lita 7.4 mai ƙarfin doki 360, wanda ake kira SS 454. Abin lura shi ne, cikin motoci fiye da 140,000 da aka ƙera a shekarar farko, 3,823 ne kawai masu wannan babban inji. A shekara ta biyu adadin ya faɗi zuwa 1,919, sai aka janye sunan SS. Tun daga farko ke nan masu saye suka nuna abin da ya kawo su: kyan gani da laushin tafiya suke nema.

To ƙofa biyun fa? Ita ce ginshiƙin adon. Ƙofa huɗu na cewa mai motar yana da nauyin jama'a a kansa, yana kai yara makaranta, yana ɗauko surukai daga tasha. Ƙofa biyu na cewa wannan mota tawa ce, don kaina na saya. Kujerar baya tana nan, mutum biyu ko uku za su zauna, amma sai an kwantar da ta gaba an sunkuya kafin a shiga. Bayan haka, rashin ƙofofin baya yana ba mai zane damar ja layi ɗaya tun daga fitila har but ba tare da yankewa ba, kuma wannan layi shi ne abin da ke sa a waiwayo. A ganina babu abin raini a cikin wannan sha'awa. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsaye a gaban injin masana'anta yana da haƙƙin ya mallaki abu ɗaya mai kyau wanda ba don amfanin kowa aka saya ba, kuma Monte Carlo ce ta fara kawo masa shi a farashin da albashinsa zai ɗauka.

Gwarzuwar 1973

A 1973 aka sake mata fasali gaba ɗaya. Gwamnati ta fara tsaurara dokokin kare lafiyar fasinja, kamfanoni kuma suna tsoron za a kafa doka mai tsanani kan ƙarfin rufi idan mota ta kife. Saboda haka aka daina tsohon salon da in an sauke gilasai gefen motar ke zama a buɗe tun daga gaba har baya. Aka sa ginshiƙi mai kauri a bayan ƙofa, aka huda masa wata 'yar taga da ba ta buɗewa. Abin da doka ta jawo sai ya zama kwalliya, har sauran kamfanoni suka riƙa kwaikwayon tagar. An kuma sa bamba mai nauyi da za ta jure karo a gudun mil 5 a awa, a gaba a 1973, a baya a 1974. Gefen motar ya sami lanƙwasa masu kumbura a kan tayoyi, kuma mai so yana iya sayen kujerun gaba masu juyawa su fuskanci ƙofa don sauƙin fita.

Gyaran da ya fi muhimmanci yana ƙarƙashi. DeLorean yana sha'awar yadda Marsandi ke riƙe hanya, don haka ya sa injiniyoyinsa suka gyara saitin tayoyin gaba da sitiyari, aka kuma koma tayoyin radiyal a yawancin samfuran. Motar da a da take tangaɗi a kwana sai ta natsu. Mujallar Motor Trend ta zaɓe ta gwarzuwar motar shekarar 1973.

Mai ya yi tsada, ciniki ya ƙaru

A watan Oktoba na wannan shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka ɗanyen mai. Cikin 'yan watanni gangar da ake sayarwa wajen dala 3 ta kusa dala 12. Kuɗin da ya kwararo Nijeriya a shekarun Gowon daga wannan tashin farashi ya fito. A Amurka kuwa layuka ne suka cika gidajen mai, har gwamnati ta taƙaita gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa, kimanin kilomita 89.

Hankali zai ce mota mai silinda takwas da ƙofa biyu ta gama yawo. Abin da ya faru akasin haka ne. A 1974 an ƙera Monte Carlo fiye da 300,000, kuma bayan ya ɗan faɗi a 1975 adadin ya sake hawa har ya haura 400,000 a 1977. Dalili na farko shi ne masu manyan motoci da suka ji zafin kuɗin mai suna neman saukowa, amma ba sa son a ce sun talauce. Wanda ya bar Impala ya koma ƙaramar motar Japan, maƙwabta za su yi zargin wani abu ya same shi. Wanda ya koma Monte Carlo kuwa sai a ce ya yi sabon yayi. Dalili na biyu, motocin gudu sun riga sun mutu a hannun kamfanonin inshora da dokokin hayaƙi. Samarin da suka tuƙa su sun yi aure, sun fara aiki, kuma tun da gudu ya tafi, sai suka koma neman ado.

Gudun kam ya tafi. An rage matsin injuna tun 1971 don su sha fetur maras dalma, a 1972 aka canja yadda ake auna ƙarfin doki zuwa hanyar da ta fi kusa da gaskiya, a 1975 kuma aka sa matatar hayaƙi a salansa. Injin nan mai lita 5.7 ya dawo ƙarfin doki 145. Babban mai lita 7.4 bai wuce 1975 ba. Masu saye ba su damu ba.

Ganin haka kowa ya shigo kasuwar. Chrysler, wanda ya daɗe yana alfahari da cewa ba ya ƙera ƙananan motoci, ya fito da Cordoba a 1975. A 1976 Oldsmobile Cutlass, 'yar uwar Monte Carlo ta ciki ɗaya, ta zama motar da aka fi saya a duk Amurka. A 1977 Ford ya sauko da Thunderbird kanta zuwa matsakaicin shasi, ya zabge farashinta, ya sayar da fiye da 300,000. Wato uwar gidan da aka kwaikwaya ita ce ta dawo tana kwaikwayon 'yar baya.

Rage jiki

A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane kamfani matsakaicin shan mai na duk motocin da yake sayarwa: mil 18 a galan a 1978, ya hau zuwa mil 27.5 a 1985, wato daga kusan kilomita 8 a lita zuwa kusan 12. Babu yadda za a cika wannan sharaɗi da tsohon jiki. Monte Carlo ta 1978 ta ragu da fiye da ƙafa ɗaya a tsawo, ta zubar da nauyin fiye da kilo 300, kuma a karon farko ta zo da inji mai silinda shida, mai ƙarfin doki 105. An gwada turbo a 1980, an gwada dizal daga 1982, wanda ya bar wa masu shi baƙin ciki saboda yawan lalacewa.

Wannan ƙirar ta sami rayuwa ta biyu da kamfanin bai shirya mata ba. Matasan unguwannin 'yan asalin Meziko da baƙaƙen fata a Kalifoniya da Texas sun riƙa sayen tsofaffinta da arha, su sauke ta har ta kusa taɓa ƙasa, su yi mata fenti mai ƙyalli, su sa mata famfunan da ke ɗaga ta su sauke. Baƙar motar da Denzel Washington ya tuƙa a fim ɗin Training Day na 2001 Monte Carlo ce ta 1979.

A filin tsere

Akwai wani wuri da sunan ya fi daɗewa da daraja, wato gasar NASCAR, tseren motoci a fili mai zagaye wanda mutanen kudancin Amurka ke ji da shi. Dokar gasar a wancan lokaci ta ce siffar motar tsere ta yi daidai da wadda ake sayarwa a shago. Dillalai suna da wata magana, wai a ci tsere ran Lahadi, a yi ciniki ran Litinin.

A gudun da ya haura kilomita 300 a awa, iska ce babbar abokiyar gaba. Da Ford ya fito da Thunderbird mai sulɓin jiki a 1983, Chevrolet ya mayar da martani da dawo da sunan SS, ya yi mata hanci mai gangara, ya sa mata inji mai lita 5 da ƙarfin doki 175. Matsalar da ta rage ita ce gilashin baya, wanda ke tsaye kusan a miƙe, iska na murɗawa a bayansa tana sa ƙugun motar rawa. Sai a 1986 suka ƙera guda 200 kacal masu dogon gilashin baya mai kwanciya, suka kira su Aerocoupe, suka sayar wa jama'a, don kawai doka ta ba su damar amfani da siffar a fili. A shekara mai bi suka ƙara 6,052. Dale Earnhardt ya ci kambun gasar a 1986 da 1987 da Monte Carlo, duk da cewa Bill Elliott ne, a cikin Thunderbird, ya kafa tarihin gudun mil 212.8 a awa a filin Talladega a 1987.

Yayin da ake tafi a filin tsere, ciniki a shago yana ja da baya. A watan Disamba na 1987 aka ƙera Monte Carlo ta ƙarshe mai ja da tayoyin baya, wata mai suna Lumina ta gaje ta.

Suna ya dawo

A 1995 Chevrolet ya dawo da sunan, amma a kan Lumina mai ƙofa biyu aka liƙa shi. Injin silinda shida ne a kwance a gicciye, yana jan tayoyin gaba, ana kuma haɗa ta a Oshawa ta ƙasar Kanada. Dabarar farko ce dai, a ɗauki motar iyali a yi mata ado, sai dai wannan karon adon bai kai ya ɓoye asalin ba. Dogon bonet ya tafi, domin injin da ke kwance a gicciye ba ya bukatarsa, kuma wanda ya kalle ta daga gaba da wuya ya bambanta ta da mai ƙofa huɗu.

Tsakaninta da wadda ke tsere kuma babu abin da ya rage sai suna da kamannin fuska. Ta tsere ƙarafa ne aka harhaɗa da hannu, mai silinda takwas, mai ja da baya. Da ita Jeff Gordon ya ci kambu a 1995, 1997, 1998 da 2001. A cikinta ne kuma, baƙa mai lamba 3, Earnhardt ya ci tseren Daytona 500 a 1998 bayan shekaru yana nema, a cikin irinta ya rasu a zagayen ƙarshe na wannan tsere ranar 18 ga Fabrairu, 2001.

An sake mata jiki a 2000, a 2006 har aka cusa mata silinda takwas mai ƙarfin doki 303, ƙarfin da ya yi wa tayoyin gaba yawa. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Oshawa ranar 19 ga Yuni, 2007. Kafin nan 'yan uwanta duk sun riga ta: Buick Regal mai ƙofa biyu a 1996, Cutlass Supreme da Thunderbird mai kujeru huɗu a 1997, Grand Prix mai ƙofa biyu a 2002. Ko Honda, wanda ya ƙera Accord mai ƙofa biyu a jihar Ohio tun 1988, irin waɗanda kan iso mana jefi-jefi cikin motocin Kwatano, ya haƙura da ita bayan 2017.

Ina masu sayen suka tafi?

Wani ɓangare na amsar yana kujerar baya. Jihar Tennessee ce ta fara wajabta ɗaure ƙananan yara a kujerarsu ta musamman a 1978, kuma zuwa 1985 duk jihohin sun bi. Uwar da za ta kwantar da kujerar gaba, ta tura rabin jikinta ciki, ta ɗaure jariri safe da yamma, ba za ta daɗe tana son ƙofa biyu ba. Ƙofofin kansu dogaye ne masu nauyi, suna wahalar buɗewa a matsattsen wurin ajiye motoci, kuma in sun tsufa sukan sauka daga maƙalarsu. A lokaci guda motoci masu ƙofa huɗu sun koyi kyau da gudu, har ya zama ba sai mutum ya sadaukar da ƙofa ba kafin a kalle shi.

Sauran amsar tana wajen wata mota da ba wanda ya ɗauke ta kishiya. Sha'awar mallakar abin hawa da ke faɗa wa unguwa ko kai wane ne ba ta gushe daga zuciyar Ba'amurke ba, wuri ta canja. Dokar shan mai ta 1975 ta yi sassauci ga motocin ɗaukar kaya, kuma kamfanoni sun lura da wannan ƙofa. Suka ɗauki shasin a-kori-kura, motar manomi da magini, suka shimfiɗa mata kafet, suka sa mata kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki, daidai abin da aka yi wa Chevelle a 1969. A 1990 Ford ya fito da jif mai suna Explorer a kan shasin ƙaramar a-kori-kurarsa, kuma labarin yadda motar gona ta shigo birni ta kori sauran shi ne abin da za mu bi a babi na bakwai.